Turancin Da Muka Tsinta A Takardar Ƙosai



Mu biyar ne ƙanana a ƙungiyar 'yan jarida ta wannan makaranta, maza uku mata biyu, dukkanmu 'yan aji biyu. A bara aikinmu bai wuce goge allon sanarwa da riƙe wa manya gam da almakashi ba. Sai a wannan zangon aka ce mu ma mun isa mu rubuta namu. Da yawanku kun karanta abin da muka liƙa a nan makonni uku da suka wuce a kan wasan ƙwallo, kun kuma ga an wayi gari babu shi. Mun ji ana cewa iska ce ta ɗauke, wasu kuma na cewa shugaban makaranta ne ya sa aka yage. To, ba iska ba ce, ba kuma shugaba ba ne. Mu muka liƙa, mu muka cire da hannunmu. Dalilin cirewar muke son mu ba ku labari, amma sai mun faro daga bakin get, wajen Inna mai ƙosai.

A farkon zango Malamar Turanci, wadda ita ce uwar ƙungiyarmu, ta ba mu aiki. Ta ce kowa ya kawo kanun labarai goma daga jaridun Turanci, domin mu ga yadda ƙwararru suke saka wa labari kai. Matsalar ita ce a gidajenmu biyar babu inda ake sayen jarida. Labarai a rediyo muke jin su, ko a wayar yayyenmu. Sai ɗaya daga cikinmu ta tuna cewa da tsofaffin jaridu Inna take naɗe mana ƙosai. Muka je muka gaishe ta, muka faɗa mata buƙatarmu. Ta yi dariya ta ce, "Yau kuma takardar kuke so ba ƙosan ba? Ku zaɓi waɗanda mai bai taɓa ba, amma kada ku kwashe mini duka." Muka tsuguna a gefen kaskonta muka yi ta yankowa har muka cika hamsin.

Da muka baje su a kan benci, sai muka lura da wani abu. Manyan mutanen da ke cikin jarida kamar ba sa magana da juna cikin lalama. Wani kan labari ya ce wata ƙungiya “blasts” minista. Muka ce subhanallahi, bam aka tayar masa? Wani ya ce sanata “carpets” gwamna. Muka ce ai wannan abin kirki ne, kafet ya saya masa. Da muka ga “knocks” muka ɗauka ranƙwashi ne. “Slams” kuwa mun san ta, domin ita ake faɗa mana idan muka buga ƙofar aji da ƙarfi. Amma “flays” da “berates” da “lambasts” ko a mafarki ba mu taɓa jin su ba.

Da muka kai wa Malama fassararmu ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce babu bam, babu kafet, babu ranƙwashi. Duk waɗannan kalmomi abu ɗaya suke nufi a kan labari: wani ya soki wani da kakkausan harshe. Muka tambaye ta me ya hana su rubuta “criticises” kawai, tunda ita kowa ya sani. Ta ce mu ƙirga haruffanta. Muka ƙirga, goma. Ta ce mu ƙirga na “slams”. Biyar. Kan labari da manyan baƙaƙe ake buga shi, fili kuma kaɗan ne, don haka gajeriyar kalma ta fi shiga. Dalili na biyu, in ji ta, kalma mai zafi ta fi tsayar da mai wucewa ya ciro kuɗi ya sayi jarida.

Daga ranar muka kamu da son waɗannan kalmomi. Muka haɗa kuɗi muka sayi ɗan littafin rubutu, muka rubuta a bangonsa “Ƙamus ɗin Faɗa”. Muka jera su kamar matakalar tsani, daga mai sanyi zuwa mai zafi. A ƙasa muka sa “admonish”, wato jan kunne cikin mutunci irin na kaka. Sai “chide”, ɗan faɗa marar zafi. Sai “scold”, faɗan da uwa take yi maka idan ka daɗe a wajen aike. Sai “rebuke”, tsawatarwa mai kaifi. Sai “reprimand”, faɗan da na sama yake yi wa na ƙasa a wurin aiki, sau da yawa ma a rubuce. Sai “berate”, faɗa da ɗaga murya a daɗe ana yi. Can ƙolin tsanin muka ɗora guda uku da suka fi burge mu: “lambast” da “castigate” da “excoriate”. A wani shafin muka tara masu siffanta zafin suka, irin su “harsh” da “scathing” da “blistering” da “withering” da “caustic” da “vitriolic”. Muka ƙara da “tirade” da “diatribe”, masu nufin doguwar magana ta fushi wadda mai yin ta ba ya barin kowa ya sa baki.

Gaskiya mun ji kanmu ya yi girma. Lokacin tara sai ka ji ɗayanmu yana ce wa abokinsa, "Ka ba ni birona ko in yi lambasting ɗinka yanzu." Har 'yan aji uku suna zuwa tambayar mu ma'ana. Abu ɗaya ya rage mana: ba mu sami wanda za mu gwada kalmomin a kansa a rubuce ba. Kamar yaron da aka saya wa sabuwar wuƙa muke, yana ta neman abin yankawa.

Sai ga wasan ranar Alhamis ɗin nan da ƙananan 'yan wasanmu suka buga da makarantar da ke maƙwabtaka da mu. Kun san yadda aka tashi, an ci mu huɗu da ɗaya. Biyu daga cikin ƙwallayen sun yi ciwo. Ɗaya ta suɓuce daga hannun mai tsaron ragarmu ta gangara ciki, ɗaya kuma ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. 'Yan waccan makarantar suka raka mu da waƙa da kiɗan galan har bakin titi. Muka koma gida zuciya na tafasa.

Ranar Asabar muka haɗu muka rubuta rahoto da Turanci. Muka buɗe Ƙamus ɗin Faɗa muka yi ta ɗiba. Da jan maka muka rubuta kan labarin: “Press Club Lambasts Hopeless Goalkeeper”. A layin farko ma sai da muka sanar cewa wannan “scathing report” ne, don kada wani ya kasa ganewa. A tsakiya muka ce hannuwansa rariya ne. Ita kaɗai ce kalmar Hausa a cikin rubutun, saboda ba mu san sunanta da Turanci ba. Muna tunawa da aka zo kanta ɗaya daga cikinmu ta tsaya ta ce, "Anya wannan bai yi yawa ba?" Muka ɗan yi gardama, muka bar ta. Amma a kan “hopeless” da “lambasts” babu wanda ya ko ɗaga kai. Daɗinsu kawai muke ji a baki.

Dokar ƙungiya ita ce ba a liƙa komai sai Malama ta karanta. Amma ta tafi wani taron horar da malamai na kwana uku, babban editanmu kuma yana fama da shirin jarrabawa. Muka ce idan muka jira labarin zai huce. Ranar Litinin tun kafin taron safe muka liƙa.

Lokacin tara allon nan ya cika maƙil. Ana ta dariya, ana tafawa, ana kiran wasu su zo su gani. Mu kuma muna tsaye a gefe muna fassara wa mutane, muna jin kamar mun ci kofi. Can sai ga shi ya zo. Aka buɗa masa hanya. Ya tsaya yana karantawa a hankali, leɓensa na motsi. Da ya gama sai ya koma kan layin sama, ya sa yatsa a kan kalma ɗaya, ya juyo ya tambaye mu, "Wannan fa me take nufi?" Kafin mu buɗe baki wani daga baya ya amsa da ƙarfi, "Wanda ba zai taɓa yin amfani ba har abada!" Aka sake fashewa da dariya. Wani ya ce, "Rariya!" Nan take wasu suka ɗauka. Bai ce komai ba. Ya sauke hannunsa ya wuce aji.

Talata bai zo makaranta ba. Laraba bai zo ba. Da muka tambayi ƙanwarsa da ke aji ɗaya, ta ce, "Ya ce ba ya jin daɗi." Ta faɗa ba tare da ta kalle mu ba.

Ranar Alhamis Malama ta dawo. Muna hango ta ta taga ta tsaya a gaban allo ta daɗe tana karantawa. Mun shirya wa faɗa, har muna raɗa wa juna cewa yau za mu ga “tirade” da idonmu. Amma ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi mu same ta a ɗakin karatu bayan an tashi.

Mun tarar ta sauko da babban ƙamus ɗin nan mai nauyi da ke saman kanta, wanda ba a bari a fita da shi. Ta ce, "Kun san ma'anar kalmominku, na yaba muku. Amma kun san daga ina suka fito?" Ta nuna mana cewa a ƙarshen bayanin kowace kalma akwai ɗan layi da ke faɗin asalinta. Ta ce kowa ya ɗauki biyu ya duba, ya faɗa mana da Hausa. Ta nanata: da Hausa.

Na farko ya duba “lambast”. Ya ce asalinta duka ne, dukan tsiya, kafin a mai da ita dukan baki. Ya duba “flay”, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, fiɗa ce. Yadda ake feɗe rago." Ta biyu ta duba “excoriate”. Ta fito ne daga harshen Latin, inda “corium” ke nufin fata, gaba ɗayanta kuma tana nufin saɓule fata daga jiki. “Scathing” da muka yi ado da ita a layin farko ta samo asali daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, ma'anarta ji wa mutum rauni. “Blistering” daga bororo ne, irin wanda ke tasowa idan tafasasshen mai ya fallatsar maka. Duk mun san shi, muna ganin tabonsa a hannun Inna mai ƙosai. “Withering” yaushi ne, kamar dashen tumatir da ranar bazara ta buga.

Biyu sun fi tsaya mana a rai. “Caustic” daga Girkanci take, tana nufin abu mai ƙuna. Ita ce a sunan sodar da ake haɗa sabulu da ita. Ɗaya daga cikinmu mahaifiyarta na yin sabulu a gida. Ta ce ranar da za a jiƙa soda, sai an kori yara daga tsakar gida, ita kanta mahaifiyar sai ta rufe hannunta kafin ta taɓa. “Vitriolic” kuwa daga “vitriol” take, tsohon sunan asid ɗin da ake sirkawa a zuba a batirin mota, wato ruwan batir. Wanda ya taɓa zama a shagon mai cajin batir ya ga yadda ɗigo ɗaya ke huda riga. Malama ta ƙara mana da “sarcasm”, wato gatse da baƙar magana. Ita ma daga Girkanci take, daga kalmar da ke nufin yagar nama.

Ta ce saura ɗaya da babu a littafinmu, ta rubuta mana a takarda: “pillory”. A yau tana nufin a kunyata mutum a bainar jama'a da suka ko ba'a. Amma a da sunan wani katako ne a Ingila, mai ramuka uku. Ana sa kan mai laifi da hannuwansa biyu a ciki a kulle, a tsayar da shi a kasuwa ko a mararraba. Jama'a su taru suna yi masa ihu, suna jifan sa da ruɓaɓɓen ƙwai da taɓo, wani lokaci har da duwatsu. Ta ce har marubucin nan Daniel Defoe, mai littafin Robinson Crusoe, an taɓa sa shi a ciki a shekarar 1703 saboda wani rubutu da ya ɓata wa hukuma rai. Sai a 1837 aka soke wannan hukunci gaba ɗaya a Ingila. Da ta gama sai ta nuna ta taga, wajen wannan allo da kuke tsaye a gabansa yanzu. Ta ce, "Su sun daina nasu. Ga naku can."

Babu wanda ya iya ɗaga kai.

Daga nan ta juyo da mu gida. Ta ce mu faɗi yadda masu karanta labarai a rediyo suke cewa idan wani ya yi wa wani irin wannan. Muka fara kawowa: ya soke shi, ya caccake shi, ya ragargaje shi, ya yi kaca-kaca da shi, ya yi masa wankin babban bargo. Ta ce, "Da me ake suka?" Muka ce da mashi ko wuƙa. "Caccaka fa?" Muka ce suka ce ba sau ɗaya ba, kamar yadda kaza ke yi da baki. "Yaya ake wanke babban bargo?" Muka ce sai an jiƙa, an tattaka, an bubbuga, an matse. Ta ce haka “castigate” take, tushenta a Latin kalma ce mai nufin tsarki, wato a wanke mutum da horo. Ashe Bature da Bahaushe, duk da nisan da ke tsakaninsu, wuri ɗaya suka je neman sunan magana mai zafi: wajen duka, da yanka, da ƙuna. Duk sun san cewa harshe yana ji wa mutum ciwo.

Sai ta ce mu fassara mata kan labarinmu da Hausa, mu faɗa da ƙarfi kamar a taron safe. Muka kalli juna. Da ƙyar ɗayanmu ya ce, "Ƙungiyar 'yan jarida ta lakaɗa wa mai tsaron raga duka, wanda ba zai taɓa yin amfani ba." Ta ce, "Za ku iya faɗin haka a gaban mahaifiyarsa?" Muka ce a'a. "A gaban naku iyayen fa?" Muka ce a'a. Ta ce, "To me ya sa kuka iya rubutawa?"

Wannan tambayar ce muka fi daɗewa muna juyawa. Amsar da muka samu ita ce, saboda da Turanci ne. Kalmar Hausa tun muna goye muke jin ta. Mun san wadda ke sa uwa ta ce a wanke baki, mun san wadda ke sa a daina gaisawa. Shi ya sa muka yi turus a kan rariya. Amma kalmar Turanci daga takarda muka tsince ta. Ba mu taɓa ganin fuskar wanda aka jefa da ita ba. Mun san ma'anarta, ba mu san nauyinta ba. Mu ado muka ɗauke ta, shi kuwa da aka fassara masa, da cikakken nauyinta ta faɗa masa.

Ba za mu ɓoye muku ba, ba nan take muka sallama ba. Ɗayanmu ya ce, "Malama, amma ai ba ƙarya muka yi ba. Ƙwallo huɗu ya sha. Kuma manyan jaridu haka suke rubutawa kullum." Ta ce tambaya ce mai kyau. Ta ce ita ba ta hana suka ba, domin jaridar da ba ta suka takardar naɗe ƙosai ce tun daga ranar da aka buga ta. Akwai ranar da kalma mai zafi take da amfani. Idan mai riƙe da amanar jama'a ya karɓi kuɗin gina asibiti bai gina ba, sanyin baki ba zai tashe shi ba. Amma shi yana da ofis, yana da mai magana da yawunsa, gobe zai mayar da martani a jaridar. Ta ce, "Shi wannan yaron wa yake da shi? A wane allo zai ba ku amsa?"

Sannan ta buɗe kalmar “critic” da kanta. Ita ma daga Girkanci take, daga kalmar da ke nufin rarrabewa da yanke hukunci. Ta ce aikin mai suka na gaskiya kamar tankaɗe ne, ya fitar da gari gefe, tsaki gefe. "Kun kira shi rariya," in ji ta, "alhali ku ne ya kamata ku zama rariyar. Ina garin da kuka tankaɗo? Babu abin kirki ko ɗaya da ya yi a wasan?"

Akwai mana. Muna wurin, da idonmu muka gani. Shi ya kaɗe fenariti kafin a tafi hutun rabin lokaci. Sau da dama ya faɗi ƙasa ya tare ƙwallon da kowa ya ɗauka ta shiga. An yi yayyafi kafin a fara, ƙwallo na santsi, shi kuma hannunsa tsirara, ba shi da safar hannu. Ƙwallo ta uku da ta huɗu, 'yan bayanmu duk sun tafi gaba neman ramawa, suka bar shi shi kaɗai da mutum biyu. Kuma tun farko da Malamin wasanni ya nemi wanda zai tsaya a raga, kowa ya noƙe, shi ne ya ɗaga hannu. Duk mun san wannan. Ba mu rubuta ba ne saboda babu inda za mu sa “lambast” a cikinsa.

Da yammacin ranar muka cire takardar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je gidansu. Mazan suka tsaya a ƙofar gida, matan suka yi sallama suka shiga. Mahaifiyarsa ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa, ta aika wa na waje da nasu. Ta ce, "Sannunku 'ya'yana, kun zo duba ɗan'uwanku? Allah ya yi muku albarka. Tun Litinin yake kwance, ya ce kansa ne, ga shi ko abincin kirki ba ya ci." Ashe bai faɗa mata ba. Da zagin mu ta yi, da ya fi mana sauƙi a kan wannan albarkar da ta sa mana.

Ya fito ya same mu a waje. A hanya mun shirya jawabi da Turanci, har da “we sincerely apologise”. Da muka gan shi duk ya gudu daga kanmu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Don Allah ka yi haƙuri. Ba mu kyauta maka ba. Mun cire takardar." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Na haƙura. Amma sunan fa? Shi ma za ku cire?"

Ba mu da amsa. Takarda minti ɗaya ta ɗauke mu. Sunan kuwa ya riga ya shiga bakin mutane. Hausawa suka ce magana zarar bunu ce. Mun sha rubuta wannan karin magana a jarrabawar Hausa muna cin maki, amma sai a ƙofar gidan nan muka gane ta.

Ya dawo makaranta ranar Litinin. Muna gaisawa, har ya ari littafin lissafin ɗayanmu. Amma bai koma raga ba. Malamin wasanni ya yi masa magana sau biyu, ya ce zai yi tunani. Kuma har jiya mun ji wani ya kira shi da sunan nan a bakin famfo.

Ga rahoton da ya kamata mu rubuta tun farko. An ci mu huɗu da ɗaya. Mai tsaron ragarmu ya yi kuskure biyu da suka jawo ƙwallo biyu, yana bukatar ya ƙara koyon kama jiƙaƙƙiyar ƙwallo da haɗe ƙafafunsa idan an buga ta ƙasa. Ya kaɗe fenariti, ya kuma hana a ci mu fiye da haka. 'Yan baya sun bar wurinsu a ƙarshen wasa. Ƙungiyar ba ta da safar hannu ko ɗaya. Kun ga a nan ma akwai suka, ba mu ɓoye kuskurensa ba. Irin wannan Turawa ke kira “constructive criticism”, suka mai ginawa. Mu kuma muna da namu tun tuni: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba mu yar da Ƙamus ɗin Faɗa ba. Malama ta ce mu riƙe shi, domin irin waɗannan kalmomi suna fitowa a jarrabawa wajen tambayar kalma mafi kusa da ma'ana, kuma wanda bai san su ba ba zai fahimci jarida ba. Sai dai mun ja sababbin layuka biyu a kowane shafi, ɗaya na asalin kalma, ɗaya na takwararta a Hausa. Duk mai son ya kwafa ya same mu a aji lokacin tara. Mun kuma ɗaukar wa kanmu ƙa'ida: duk abin da za mu rubuta a kan wani da Turanci, sai mun fara faɗin sa da Hausa da ƙarfi. Idan muka ji kunyar faɗa, ba za mu liƙa ba. Kuma ko Malama ta yi tafiyar wata guda, za mu jira ta.

Muna da roƙo guda uku. Na farko ga 'yan'uwanmu ɗalibai: don Allah a bar kiran sa da sunan nan. Mu muka ƙirƙiro shi, mun kuma janye shi. Wanda ya ci gaba da faɗa, ya sani aikinmu marar kyau yake ƙarasa mana. Na biyu ga malamanmu: mun buɗe asusu da ragowar kuɗin tararmu don sayen safar hannu, yana wajen Malamin wasanni, muna neman a taimaka mana ya cika kafin wasan ramuwa na zango mai zuwa. Na uku gare ka, ɗan'uwanmu, idan ka tsaya ka karanta wannan. A wannan allon muka kunyata ka a gaban kowa, shi ya sa muka ga ya dace a nan ɗin dai mu sake ba ka haƙuri a gaban kowa. Ba mu da ikon cewa ka koma raga. Amma duk ranar da ka koma, za ka same mu biyar a bayan ragarka.

Daga ƙananan 'yan ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.